Yadda Ake Binciken Elk a Duwatsun Amurka Kafin a Buɗe Farauta

Elk dabba ce dangin barewa da ke zaune a yammacin Amurka da Kanada, musamman a jerin duwatsun Roki. Wanda ya san gwanki zai iya kwatanta girmanta, sai dai ta ɗan fi shi jiki: bijimin elk yakan kai kilo 320, macen kuma wajen kilo 230. Namiji ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar busasshiyar bishiya, kuma kowace shekara yakan zubar da shi tsakanin Maris da Afrilu, wani sabo ya tsiro. Jihar Kolorado ta fi kowace jiha yawansu, sun kusa dubu 300, amma duk da haka akasarin masu lasisi hannu rabbana suke komawa gida. Dajin yana da faɗi, su kuma elk garke-garke suke tafiya, sai ka tarar kwari goma babu ko ɗaya, na sha ɗaya kuma ya cika maƙil. Aikin bincike shi ne gano wannan kwarin kafin a buɗe farauta.

Abu ɗaya za ka riƙe tun daga farko: inda za su kasance ranar buɗewa kake nema. Inda ka gan su a watan Yuli labarin Yuli ne, kuma duk alamar da ka tsinta a daji sai ka tambayi kanka a wane wata aka bar ta.

Yankinka da kwanakinka

Kowace jiha ta rarraba ƙasarta zuwa yankunan farauta masu lamba, kuma lasisinka yana ɗauke da yanki, da kwanaki, da irin makamin da aka yarda maka. A Kolorado farautar kwari da baka a watan Satumba ake yin ta, ta bindiga kuma kashi-kashi a Oktoba da Nuwamba, neman lasisin da ake rabawa ta hanyar ƙuri'a kuma a farkon Afrilu ake rufe shi. Dokokin suna sauyawa, don haka littafin dokar wannan shekarar za ka karanta. A Wayomin, alal misali, baƙon da ba mazaunin jihar ba ba ya farautar manyan dabbobi a keɓaɓɓen dajin da doka ta hana shiga da mota sai da ɗan jagora. Wanda bai san wannan ba, zai ɓata wata uku yana nazarin wurin da ba zai taka shi kaɗai ba.

Kwanakin lasisin su ne za su gaya maka irin elk ɗin da kake bincike. Daga Yuni zuwa Agusta bijimai suna ware kansu, uku-uku ko biyar-biyar, can ƙololuwar tsaunuka inda bishiyoyi suka ƙare, wajen mita 3,300 zuwa 3,600 a Kolorado. Ƙahonsu a lokacin yana lulluɓe da fata mai laushi kamar karammiski. Matan da 'yan maruƙan da aka haifa a ƙarshen Mayu da farkon Yuni suna wani wuri dabam, inda ciyawa ta fi ɗanye. Da Satumba ta kama sai lokacin barbara ya shigo, bijimai su watse, kowanne ya nufi inda mata suke, wani lokaci tafiyar kilomita masu yawa. Saboda haka mai farautar Satumba matan zai nema a watan Agusta, domin su ne ba sa yin nisa, kuma wajensu bijimai za su zo. Bayan tsakiyar Oktoba barbara ta wuce, manyan bijimai sun rame, sai su shige kwazazzabai masu duhu su kaɗai. Dusar ƙanƙara kuma tana kora mata da matasa ƙasa, zuwa gangaren da suke cin hunturu.

Aikin taswira a gida

Rabin binciken a kan kwamfuta ake yin sa. Kana buƙatar hoton tauraron ɗan'adam irin na Google Earth, da taswira mai layukan tudu da kwari, da manhajar da ke nuna iyakar filin gwamnati da na mutane, irin onX Hunt ko CalTopo. A taswirar tsaunuka ta ma'aunin 1:24,000, tsakanin layi da layi yawanci ƙafa 40 ne, wato kimanin mita 12. Inda layukan suka matse da juna gangare ne mai tsanani, inda suka buɗe kuma ƙasa ta kwanta.

Fara da hanyoyin mota. Hukumar gandun daji ta Amurka tana fitar da taswirar da ke nuna hanyoyin da aka buɗe wa ababen hawa da ranakun da ake rufe su. Zana su duka, sannan ka soke duk abin da ke cikin kilomita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga hanyar da motoci ke bi. Binciken da aka daɗe ana yi a dajin gwaji na Starkey a jihar Oregon ya nuna elk suna ƙaurace wa hanyoyin da ke da zirga-zirga. Amma kada ka auna da nisa kawai. Kwazazzabon da ke mita 800 daga titi, wanda sai an sauka mita 300 an kuma haye rafi kafin a shige shi, yakan fi zama mafaka a kan kyakkyawar fadamar da ke kilomita takwas a kan shararriyar hanyar ƙafa, domin fadamar kowa ya gan ta a taswira, kuma masu dawaki can za su kafa tanti.

A cikin abin da ya rage, nemi wurin da abubuwa uku suka haɗu a cikin kilomita ɗaya ko biyu: makwanci, wurin kiwo, da ruwa.

Makwanci yana gangaren da ke fuskantar arewa ko arewa maso gabas. A can rana ba ta tsayawa tsaka kamar yadda take yi a ƙasar Hausa, ta kudu take ratsawa, don haka gefen arewa na kowane dutse yana cikin inuwa da sanyi, kuma nan ne kurmin itatuwa masu ganye kamar allura yake cunkushewa. Elk dabbar sanyi ce, zafin Satumba yana damunta, sai ta wuni a wannan duhuwar. Ba ta kwanciya a tsakiyar gangare mai tsanani. Tana neman dakali, wato ɗan wurin da ƙasa ta kwanta a jikin dutsen, galibi daga tsakiya zuwa kashi biyu cikin uku na tsayinsa. A taswira za ka gane dakali inda matsattsun layuka suka ɗan buɗe sannan suka sake matsewa. Sa wa kowanne alama.

Wurin kiwo shi ne sararin ciyawa a tsakiyar kurmi, da dajin bishiyar asfen mai farin bawo, da gangaren kudu, da kuma ƙonannen daji. Inda gobara ta ci shekara biyu zuwa goma da suka wuce, rana tana kaiwa ƙasa, ciyawa da tsirrai masu laushi suna tashi, elk kuma suna son su ƙwarai. Gobarar Cameron Peak ta 2020, wadda ta fi kowace girma a tarihin Kolorado, ta bar irin wannan fili mai yawa a arewacin jihar. Bakin ƙuna, inda ta haɗu da ɗanyen kurmi, ya fi tsakiyarta amfani. Ka fi ba ƙananan sarari muhimmanci, waɗanda ba su wuce filin ƙwallo ɗaya ko biyu ba, domin babban sarari da dare kawai suke shigarsa da zarar an fara harbi.

Ruwa kuma ba babban kogi ake nufi ba. Idon ruwa, da 'yar ƙorama, da damshin da ke tsattsafowa a kan dakali sun fi. A hoton tauraro suna fitowa kamar ɗigon kore shar a cikin kurmi. Duba hoton watan Satumba na shekarun baya, saboda abin da ke gudana a Yuni da narkakkiyar ƙanƙara yana iya ƙafewa kafin kaka.

Daga nan sai sirdi, wato inda doron dutse ya lotsa tsakanin ƙololuwa biyu. Ta nan elk ke tsallakawa daga kwari zuwa kwari, kuma ta nan suke gudu idan an matsa musu. Kada ka tashi daga kan taswira sai kana da wurare biyar ko shida a sassa dabam-dabam na yankin, kuma a tsayi dabam-dabam. Sauke taswirar cikin waya, domin babu sabis a yawancin waɗannan duwatsun, ka kuma riƙe ta takarda da kamfas.

Hange daga nesa

Tafiyar farko a yi ta a ƙarshen Yuli ko cikin Agusta, kwana uku zuwa huɗu. Kayan aikin su ne madubin hangen nesa mai ƙarfin 10x42, da ƙafa uku ta ɗora shi, in da hali kuma da babban madubi mai jawo abu sau 20 zuwa 60. Ƙafa ukun ba ado ba ce. Hannu yana rawa, kuma motsin kunne ko wutsiya a nisan kilomita biyu ba ya ganuwa sai madubi ya tsaya cak.

Zaɓi tudun da ke kallon gangaren daga tsallaken kwari. Ka isa wurin da sauran duhu, minti 30 aƙalla kafin gari ya waye, ka zauna ƙasa da doron tudu don kada siffarka ta fito a sararin sama. Da safe rana ta kasance a bayanka, wato kana kallon yamma, da maraice kuma ka juya. Raba gangaren gida-gida, ka fara da bakin kurmi, ka bi layi-layi a hankali, in ka gama ka sake daga farko. Jikin elk ruwan ƙasa ne mai haske, wuya da ƙafafu sun fi duhu, gindi kuma fari-fari mai ɗan rawaya, kuma sau da yawa shi ido ke fara kamawa.

Idan ka gan su, ƙirga su ba shi ne babban aiki ba. Rubuta ƙarfe nawa suka bar kiwo, ta wace kafa suka shiga kurmi, da kuma ta inda suka fito da yamma. Garken da ya bi kafa ɗaya safiya biyu a jere ya nuna maka hanyarsa.

Karatun alamu a ƙasa

Tsakar rana, daga ƙarfe goma zuwa uku, lokacin tafiya ne. A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure.

Sawun elk ya kai santimita 10 zuwa 11, kofato biyu masu ɗan zagaye a gaba. Na ƙananan barewar can bai wuce 6 zuwa 8 ba, kuma yana da tsini kamar zuciya. Wanda ke ruɗa mutane shi ne sawun maraƙin shanu, domin makiyaya suna kiwon shanu da tumaki a gandun dajin gwamnati a watannin zafi. Sawun maraƙi ya fi faɗi da dakushewa, kuma ba za ka rasa kashin shanu kusa da shi ba. Sabon sawu gefensa a tsaye yake kamar an yanka da wuƙa. Wanda ya kwana biyu gefen ya zube, ganye da ƙura sun faɗa ciki. Ka tuna ranar da aka yi ruwan sama na ƙarshe: sawun da ɗigon ruwa ya huhhuda ya riga ruwan.

Kashi ya fi sawu faɗin gaskiya game da wata. Idan suna cin ɗanyar ciyawa, daga Yuni zuwa farkon Satumba, kashin yana fitowa a dunƙule da laushi, kamar ƙaramin na saniya. Idan abinci ya bushe, a ƙarshen kaka da hunturu, sai ya zama ƙwaya-ƙwaya masu tauri, tsawon santimita biyu ko biyu da rabi, kamar manyan ƙwallayen dabino gajeru. Don haka gangaren da ke cike da busassun ƙwayoyi masu fari-fari wurin hunturu ne, bai da amfani ga mai baka a Satumba, amma mai bindigar Nuwamba ya rubuta shi. Taka kashin da takalmi. Idan ya lotse, cikinsa kore ne mai danshi, kuma yana sheƙi, na yau ne ko na jiya. A rana iskar tsauni tana busar da bayansa cikin sa'o'i, shi ya sa cikin ake dubawa.

Gugar ƙaho ita ce alama mafi daraja ga mai farautar Satumba. Tun daga tsakiyar Agusta bijimi yana goge ƙahonsa a jikin ƙananan bishiyoyi don cire karammiskin, a lokacin barbara kuma yana dukansu da ƙarfi. Sai ka ga bishiya mai kaurin dantse an saɓule mata bawo daga wajen gwiwa har sama da kan mutum, rassa a karye a ƙasa. Tsayin ne ke bambanta ta da gugar ƙaramar barewa, wadda ba ta cika wuce ƙugu ba. Ta bana itacen fari ne, yana ɗigar da ƙaro mai danƙo, wani lokaci da gashi a manne. Ta bara ta yi toka-toka, ganyen bishiyar ya yi ja. A watan Yuli ta bara da ta bara waccan kake nema. Dakalin da ke da gugar shekaru uku ko huɗu a wuri ɗaya wurin barbara ne da ake komawa kowace shekara, ko da ranar da ka je babu elk ko ɗaya.

Kada ka haɗa wannan da tabon haƙori a jikin asfen, wato baƙaƙen zane a farin bawo. Wannan cin bawo ne na lokacin hunturu. Haka ma ƙahon da ka tsinta a ƙasa, inda bijimin yake a Maris ko Afrilu ya nuna maka.

Sai wurin birgima. Bijimi yakan sami damshi ko idon ruwa, ya tona shi da ƙaho da kofato, ya yi fitsari a ciki, ya kwanta ya shafe jikinsa da taɓo. Wanda ake amfani da shi ruwansa a gurɓace yake, akwai gashi a saman laka, da zanen ƙaho a gefe, da taɓon da ya fantsama a ciyawa da gindin bishiyoyi, ga wari mai ƙarfi kamar na turken bunsuru. Idan ruwan ya kwanta garau har kana ganin ƙasansa, an kwana biyu ba a shiga ba. An fi amfani da su daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba. Duba inda hanyoyi suka shigo, ka zaɓi maɓoya mita 20 zuwa 30 daga bakin ruwan ta gefen da iska ba za ta kai warinka ba, sannan ka bar wurin ba tare da ka taka lakar ba.

Makwanci kuma kwanciyar ciyawa ce ko ƙasa mai siffar ƙwai, tsawon fiye da mita ɗaya. Da yawa a wuri ɗaya, manya da ƙanana, garken mata ne. Idan ka fara jin wari irin na garken shanu a cikin kurmi, tsaya nan, ka koma da baya. Elk ɗin da aka tasa daga makwanci ba zagayawa yake ya dawo ba, yakan tsallake dutse ɗaya ko biyu, kuma garken yana iya yin kwanaki bai komo ba. A Yuli wannan kuskuren yana gyaruwa. A makon buɗewa kuwa ka rushe aikinka da hannunka.

Iska

Elk yana iya ganinka ya yi shakka, ya ji motsinka ya ɗauka ɗan'uwansa ne, amma da ya shaƙi warinka magana ta ƙare. A tsauni iska tana da ƙa'idar da ta kamata ka haddace. Da dare da sassafe iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa, tana bin kwari kamar ruwa. Idan rana ta dumama gangaren, wajen ƙarfe tara zuwa goma, sai ta juya ta riƙa hawa. Da inuwa ta rufe gangaren da yamma sai ta sake gangarowa. Gefen arewa yana jinkirin juyawa da safe, yana kuma saurin juyawa da yamma. Lokacin juyawar, na minti 30 zuwa awa ɗaya, iska tana kaɗawa ta ko'ina, kuma shi ne mafi munin lokacin kusantar garke.

Su kansu elk da wannan suke tafiya: da safe suna hawa daga kiwo zuwa makwanci iska tana bugun hancinsu, da yamma su gangaro. Don haka da safe ta ƙasa ko ta gefe ake bin su, da rana kuma ta sama. Maharban can suna riƙe 'yar kwalbar farin gari suna fesawa, daidai da yadda maharbin Hausa ke sakin toka ko ƙura daga tafin hannu. A kowane wuri da ka sa wa alama, rubuta lokaci da inda garin ya nufa, domin kowane kwari da halinsa.

Kyamara, jirgi maras matuƙi, da kira

Kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya tana da amfani a wurin birgima da sirdi, amma doka ta bambanta. Arizona ta hana amfani da ita don farauta tun 2022. Nebada ta hana a filin gwamnati daga 1 ga Agusta zuwa ƙarshen Disamba, Yuta kuma daga 31 ga Yuli. Inda aka yarda, ɗaure ta sama da mita biyu tana kallon ƙasa, fuskarta arewa don kada rana ta haske hoton, ka kuma cire ciyawar da iska za ta riƙa kaɗawa a gabanta, in ba haka ba katin zai cika da hoton ganye. Neman dabba da jirgi maras matuƙi haramun ne a Kolorado da jihohi da dama.

Kada ka busa abin kiran elk lokacin bincike. Bijimin da ya amsa ya zo ya tarar da mutum ya koyi darasi, kuma kai ne za ka biya a watan Satumba. Saurare ya ishe ka. Daga farkon Satumba bijimai suna yin wata doguwar kururuwa mai kama da busar sarewa, wadda ke ƙarewa da gurnani. Hau tudu da dare ko kafin asuba, kashe mota, ka yi shiru minti 15, ka sa alamar inda sautin ya fito, sannan ka matsa gaba.

Lafiyarka da hanyar fitar da nama

Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsauni yana kama wanda bai saba ba: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Kwana ɗaya ko biyu a ƙasa-ƙasa kafin ka hau, ka sha ruwa sosai, in ya tsananta kuma maganinsa sauka. A Yuli da Agusta hadari mai tsawa yana tasowa bayan azahar, don haka ka bar ƙololuwa kafin lokacin. A sassan Montana, Wayomin da Aidaho akwai beyar girizili, sai ka rataya feshin korar ta a ƙirji ko ƙugu inda hannu zai kai nan take. Ka gaya wa wani inda za ka da ranar dawowarka.

Kowane wuri ka samu, auna shi da nauyin nama. Bijimi yana ba da kilo 90 zuwa sama da 100 bayan an cire ƙashi, wato kaya huɗu ko biyar a baya ga mutum ɗaya, kuma barin nama ya lalace laifi ne a dokar jihohin. Wurin da ke kilomita shida daga mota yana nufin tafiyar kilomita 50 ko fiye, rabinta da kaya, a zafin Satumba. Bi hanyar fitar da ƙafarka tun yanzu. A dazuzzukan da ƙwaro ya kashe itatuwa, gumaguman da suka faɗi sun gicciye kan juna, kilomita ɗaya tana iya cin awa biyu, kuma hoton tauraro ba ya nuna haka.

Kwana biyu kafin buɗewa

Ka dawo da wuri, amma wannan karon daga nesa kawai: madubi da safe da yamma, kunne da dare. Zagaya wuraren ajiye motoci ka ƙirga motoci da tantuna, ka duba ko an shigo da shanu ko garken tumaki kwarin da ka zaɓa, domin elk sukan matsa su bar musu wurin. Inda ka ga mutane sun taru, koma kan taswira ka duba sirdin da ke bayansu da kwazazzabon da yake zubawa, nan garken zai faɗa da safiyar farko. Idan ka yi safiya ɗaya da yamma ɗaya a wuri ba ka ga elk ba, ba ka ji kururuwa ba, ba ka kuma taka ɗanyen kashi ba, naɗe tantinka ka tafi wuri na biyu a jerinka, wanda ya fi wannan tsayi ko ya fi shi ƙasa da mita 300 zuwa 500.